Littafin da Na Ba Burul Eje

Kafin in kwanta ciwo, ni ce mai faɗa wa mutane abin da za su karanta. Mu bakwai ne, muna haɗuwa Asabar ɗin ƙarshen kowane wata a wani shagon shayi da ke bayan kasuwar Osh a Bishkek, babban birninmu, kuma ba ma taɓa komai sai ƙagaggun labaran kimiyya da na almara: jiragen da ke ratsa taurari, biranen ƙarƙashin teku, bokaye da dodanni. Ermek ne ya kafa ƙungiyar, amma jerin littattafai a hannuna yake. In na ce wa mutum, "Wannan ya fi ƙarfinka tukuna, fara da wancan," ba ya yi min musu. Hukuma suke kirana, ni kuwa ban taɓa jin haushin sunan ba. Sunana na gaskiya Tolkun, malamar lissafi a makarantar sakandare, shekarata talatin da huɗu a lokacin.

A watan Nuwamba aka gano tarin da na yi wata biyu ina fama da shi tarin fuka ne, kuma irin mai taurin kan nan da ba ya jin maganin farko. Aka kai ni wani asibiti a wajen gari, a gindin dutse. Likita ya ce ba zan fita ba sai an gwada kakina sau da yawa a jere ba a ga ƙwayar cutar ba. Na tambaye shi wata nawa ke nan, ya ce kada in fara ƙirga. Nas ta duba jakata ta ga littattafai goma sha ɗaya, ta ce in sani duk takardar da ta shigo nan ba ta sake fita. Na kalle su, na ce ta bar su su shiga.

Ɗaki na shida aka ba ni, gado uku da taga ɗaya. A gadon bakin ƙofa akwai Saltanat eje (eje muke ce wa macen da ta girme mu), mai sayar da rigunan sanyi a kasuwar Dordoi, mace mai ƙiba da baki kamar reza, wadda ciwon ya ramar da ita amma bai taɓa harshenta ba. A gadon jikin taga akwai Burul eje, 'yar shekara sittin da ɗaya daga At-Bashi, wani gari can cikin duwatsu, matar makiyayi, wadda ta yi ƙuruciyarta tana taimakon likitan dabbobi. Ni aka sa a tsakiya.

"Malama ce," in ji Saltanat eje, tana leƙen littattafan da nake jerawa a kan ƙaramin kabad. "To Malama, ga lissafin nan. Allura ɗaya da safe, ƙwaya goma sha huɗu, amai biyu. Daga ƙofa zuwa shinge taku ɗari da arba'in. In kin haddace wannan kin gama jami'armu."

Ba ta yi ƙarya ba. Da safe a soka mana allura a ɗuwawu, mu haɗiyi ƙwayoyi a gaban nas tana kallon maƙogwaronmu, sannan mu kwanta muna jiran tashin zuciya ya wuce. Da rana shayi da madara, burodi, miyar dankali. Bayan la'asar mu sa takunkumi mu fita tsakar gida, mu taka dusar ƙanƙara zuwa shinge mu dawo. Bayan shingen akwai titi, motoci suna wucewa, ba mai juyowa ya kalle mu. Ranar Lahadi 'yan uwa su zo su tsaya daga nesa, su ajiye leda a kan benci, su ja da baya, kai kuma ka je ka ɗauka.

Abin da ke sa yini ya tafi a ɗakinmu shi ne bakin Burul eje. Ta san dokin kowa a kwarinsu da sunan uwarsa. Ta ba mu labarin yadda ta zura hannu har kafaɗa ta juya ɗan maraƙi a cikin uwarsa, da shekarar da dusar ƙanƙara ta binne tumaki ɗari uku, da surukarta da ke ɓoye sukari a cikin takalmi. Saltanat eje tana ƙaryata ta, ita tana rantsuwa, ni ina dariya har tari ya sarƙe ni. A watanni biyun farko littafi ɗaya kacal na buɗe.

Sai kunnenta ya fara ƙara. Ta ce kamar ƙudan zuma sun yi gida a kanta. Bayan mako biyu ta fara cewa "Na'am?" ga kowace magana. Likita ya dakatar da allurar, ya canza mata wata ƙwaya, ya ce wani lokaci maganin yakan yi haka. Jin bai dawo ba. Kafin ƙarshen Janairu ko an buga ƙofa ba ta juyowa. Jikokinta suka kira a waya, ta riƙe wayar a kunne tana murmushi, tana cewa "To, to, Allah ya yi albarka," alhali yaron tambayarta yake yaushe za ta dawo. Da ta gane daga fuskokinmu cewa amsarta ba ta dace ba, sai ta ajiye wayar, ta juya fuska bango. Kwana biyar ba ta fita tsakar gida ba, ba ta ce uffan ba.

"Ke Malama," in ji Saltanat eje a rana ta shida. "Kin tara takardu kamar mai shirin hura tanda. Ba ki da abin da za ki ba baiwar Allahn nan? Mutuwa za ta yi muna kallo, kuma ba tarin ne zai kashe ta ba."

Na ji kunya da ban yi tunanin haka da kaina ba. Na ɗauko wani littafin rubutu na 'yan makaranta, na rubuta da manyan baƙaƙe, don littattafaina duk da Rashanci suke: Eje, kina karatun Rashanci? Na taɓa kafaɗarta na nuna mata.

Ta duba, ta harare ni. Tun da ta kurmance muryarta ta ƙara ƙarfi, ba ta san tana ihu ba. "Kina tsammanin da me nake karanta takardar maganin shanu? Da hanci?"

Na zaɓo mata wanda na fi so a cikin goma sha ɗayan, wanda na tilasta wa kowa a ƙungiyarmu ya karanta. Labarin wasu mutum uku ne da aka ajiye a wata ƙaramar tasha a kan wata duniya mai nisa, aikinsu auna iska su aika rahoto gida. Jirgin da zai canje su bai zo ba, shekara ta bi shekara, su kuma suka ci gaba da aika rahoton. A ganina ba a taɓa rubuta abin da ya kai shi kyau ba. Na rubuta mata: Wannan shi ne sarkinsu duka.

Kwana uku tana karantawa, da yatsa a ƙarƙashin layi, leɓɓanta suna motsi. A rana ta huɗu muna shan shayi sai na ji littafin ya faɗo kan gadona, har ya kusa kifar min da kofi.

"Ke 'yata, me na yi miki?" Ihunta ya kai har baranda. "Ina ɗaki a kulle, ba na jin kowa, ba mai zuwa ɗaukata, sai ki kawo min labarin mutane a ɗaki a kulle, ba sa jin kowa, ba mai zuwa ɗaukarsu? Na tsallaka ƙarshe na duba, ko a can ba wanda ya zo! Wannan ne sarkin naku?"

Saltanat eje ta yi dariya har ta riƙe haƙarƙari. "Hukuma ta yanke hukunci! Malama, da a kasuwa kike da kin sayar wa mai gumi rigar sanyi."

Na buɗe baki zan kāre littafin, in faɗi yadda aka gina shi da abin da ƙarshen yake nufi, sai na tuna ba za ta ji ni ba, kuma ko a rubuce bayanin nan ba zai amfane ta da komai ba. Shekara shida ina zaɓar wa mutane littafi, ban taɓa tambayar kowa halin da yake ciki ba. Na ɗauki alƙalami na rubuta: Ki yafe min. Me kike so ki gani?

Ta daɗe tana kallon taga. "Fili," ta ce, a hankali wannan karon. "Wurin da mutum zai yi tafiya bai ci karo da bango ba. Kuma a sa dabba a ciki."

Ina da irinsa, amma ban taɓa ba shi daraja ba. Labari ne mai kashi uku, na wata mace da ke kiwon wasu manyan dabbobi masu dogon gashi a wata duniya mai rana biyu. Kowace shekara sai ta kora garken daga kwarin hunturu zuwa ciyawar saman duwatsu, tafiyar wata huɗu, ga ɓarayi, ga kogunan da ke canza hanya. A ƙungiyarmu na taɓa cewa littafin jiran mota ne. Kashi na ɗaya da na biyu suna jakata, na ukun yana wurin Ermek, ya ara tun bazara.

Burul eje ta karɓa. Washegari ta tashi zaune. Rana ta uku ta nemi fensir, na ba ta, ban san abin da za ta yi da shi ba sai da na ga tana rubutu a gefen shafi. Ni kuwa ko lanƙwasa kusurwar shafi ba na yi. Na leƙa. Ta rubuta: Ƙarya.

"Wannan marubucin bai taɓa karɓar haihuwar dabba ba," ta sanar da ɗakin. "Ya ce ta ja ɗan ta ƙafa ɗaya. Ƙafa ɗaya! Da ta kashe uwar da ɗan. Kuma wa ke tsallaka kogi da yamma, lokacin da ƙanƙarar sama ta narke ruwa ya cika? Da sassafe ake tsallakawa. Amma yarinyar tana da zuciya, na yarda. Mijin nata ne sakarai."

Daga ranar bakinta ya dawo. Ba ta jin mu, amma ta samu abin faɗa. Ta koma fita tsakar gida, tana takawa zuwa shinge tana ba mu labarin inda garken ya kai, tana gyara wa marubucin kurakuransa. In ina da tambaya in rubuta, ita ta amsa da ihu. Masu sauran ɗakuna suka fara jin labarin dabbobi masu dogon gashi ko suna so ko ba sa so.

Saltanat eje ma ta ce a ba ta nata. "Amma wanda mace ke wulaƙanta maza, kuma kada a cika min sunayen taurari." Na ba ta na wata ɓarauniya mai sayar wa sarakuna layun ƙarya. Shafi goma take yi barci ya ɗauke ta, in ta farka ta ce in faɗa mata sauran. Daga ɓangaren maza aka fara aiko min 'yan takardu ta hannun nas. Wani direban babbar mota ya rubuta yana son mai yaƙi amma kada yaro ya mutu a ciki. Wani ya ce komai ma, in dai ba a ambaci asibiti ba. Littattafan goma sha ɗaya suka shiga zagaye, suna dawowa da tabon shayi da warin magani. Ban ƙara ba kowa na mutum ukun nan ba, na tura shi ƙarƙashin katifa.

Burul eje ta gama kashi na biyu a tsakiyar Afrilu. An tsaya ne daidai inda matar ta iso bakin wata mashiga tsakanin duwatsu, rabin garken ya ɓace, hadari yana tahowa. Ta miƙo min hannu. "Na ukun."

Na rubuta: Yana wurin abokina, zai kawo.

Tun Maris nake roƙon Ermek. A watan farko na kwanciyata 'yan ƙungiya suna aiko min saƙo kullum, har da hoton kujerata a shagon shayi. Daga baya saƙon ya koma na mako-mako, daga nan sai in ni na fara. Na kira shi.

"Tolkun, wallahi yana cikin motata," in ji shi. "Kin san matata ta haihu, jaririn ko wata biyu bai yi ba. Ta ce in na je wurin nan kada in dawo mata gida."

"Ba sai ka shigo ba. Ka ba mai gadi a bakin ƙofa."

"Zan duba. Wannan Asabar ɗin ko ta sama."

Asabar uku suka wuce.

A cikin waɗannan makonnin dusar ƙanƙara ta janye daga gindin dutsen da muke gani ta taga, ta koma sama, kore ya biyo bayanta yana hawa. Burul eje ta koma karanta kashi na ɗaya daga farko, amma yanzu tana yawan ajiye shi a cinya ta zuba wa dutsen ido. Ta ce a At-Bashi yanzu ana gyaran sirdi, ana shanya shimfiɗun bukka, nan da mako uku za a hau dutse da dabbobi. Ta ce shekara arba'in da biyu ba ta taɓa fashin hawa ba.

Sai sakamakon gwajinta ya fito. Wata bakwai tana shan magani, ƙwayar cutar tana nan. Likita ya zauna a bakin gadonta ya rubuta mata a littafina cewa za a ƙara wani magani, kuma aƙalla wata huɗu nan gaba. Ta karanta, ta gyaɗa kai, ta yi masa godiya. Da ya fita ta ninke tawul ɗinta da kyau ta sa a jaka.

Ranar Lahadi ɗanta Kubat ya zo, dogo mai fuskar da rana ta ƙona. Na hango su a tsakar gida, shi yana tsaye taku biyar daga gare ta yana murza hula a hannu, ita tana magana, duk asibitin yana ji.

"Laraba za ka zo da mota. Ka kafa min ƙaramar bukka nesa da taku, kwanona daban, cokalina daban, yara kada su matso. Nonon goɗiya da iskar sama sun warkar da kakanka."

"Apa, likita ya ce..." Ya tuna uwar tasa ba ta ji, ya shiga girgiza kai da ƙarfi don ta gani.

"Kada ka girgiza min kai, ni na haife ka. Sun ɗauke min kunne na yi shiru. In na ƙara wata huɗu a ɗakin can, gawata za ka zo ɗauka."

Da ta dawo ɗaki na riga na cika shafi guda. Na rubuta mata cewa in ta katse magani ƙwayar za ta ƙara taurin kai, cewa nonon goɗiya ba ya kashe ta, cewa wata huɗu ba shekara ba ne. Ta karanta duka, ta mayar min. Sai na ƙara rubuta: Littafi na uku zai iso ranar Asabar. Tabbas. Ki jira ki ga ko ta tsallaka.

Ta kalli rubutun, ta kalle ni. Tun da ta daina ji ta koyi karanta fuska fiye da yadda nake karanta littafi.

"Ƙarya kike yi, 'yata, kuma ba ki iya ba. Ko da gaske ne, kina ganin da littafi za ki ɗaure ni kamar akuya?" Ta dafa hannuna. "Za ta tsallaka. Wa zai rubuta littafi uku a kan macen da ba ta tsallaka ba?"

Likita ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya zo sau biyu, ya cika mata shafi uku, ya kira Kubat a waya. Ranar Laraba da hantsi ta sa hannu a takardar cewa da ganin damarta ta tafi, aka ba ta ƙwayoyin wata guda da wasiƙa zuwa ƙaramin asibitin garinsu. Ta ɗaura ɗankwalinta mai fure, ta rungumi Saltanat eje, ta sumbace ni a goshi ta saman takunkumi. Muka raka ta har shinge. Ta wuce ta ƙofar da mu ba mu da izinin wucewa, ta shiga gaban mota, ba ta waiwayo ba.

Muka dawo ɗaki. An riga an yaye zanin gadonta, katifar roba tana sheƙi. Littattafan biyu suna kan kabad, fensir a tsakanin shafi.

"To Malama, kin yi aiki," in ji Saltanat eje. Ba dariya a muryarta. "Mace tana kwance lafiya da fuskarta a bango, kika ba ta ciyawa da duwatsu da garke, wata uku tana shaƙa. Me kike tsammani? Da kin bar ta da mutanen nan uku masu auna iska, da yanzu tana nan tana zagin ki."

"Ke kika ce in ba ta littafi."

"Na ce ki ba ta littafi. Ban ce ki buɗe mata ƙofa ba."

Ba mu yi wa juna magana ba har kwana biyu. A ɗaki mai gado uku hakan ba ƙaramin aiki ba ne. A rana ta uku ta turo min rabin tuffa a kan faranti, ta ce bakinta ne, ba ta san lokacin da yake fita ba. Na karɓa na ci. Amma maganar ta riga ta zauna min a ƙirji.

Kwana tara da tafiyar Burul eje mai gadi ya kawo min leda. Littafi na uku ne, da kwalbar zuma, da 'yar takarda daga Ermek yana ba da haƙuri. Ko buɗe shi ban yi ba.

A watan Yuli aka sallami Saltanat eje. Ta tafi tana rantsuwar za ta aiko min da rigar sanyi mafi tsada a shagonta, kuma ta aiko. Aka kawo wasu mata biyu, ɗaya ba ta magana, ɗaya ba ta daina kuka. Gwajina ya fito da tsabta sau biyu, na uku ya dawo da ƙwaya, aka koma ƙirga daga farko. Ranar ban fita tsakar gida ba. Takardun ɓangaren maza suka ci gaba da zuwa, na ce wa nas ta kwashi littattafan ta ajiye a baranda, kowa ya ɗauki wanda ya ga dama. Ba na son in sake zaɓar wa kowa komai. Zafi ya cika ɗakin, tagar ba ta buɗuwa sai rabi. Na san yawan tsagar da ke silin, na san ƙarar takalmin kowace nas.

A farkon Oktoba, muna tsakar gida, motar asibiti ta shigo ta wuce mu ta nufi ginin baya, inda ake ajiye waɗanda cutarsu ta fi ƙarfin yawancin magunguna. Ba a barin mu matsa kusa da shi. Aka sauko da wata a kan kujera mai taya, ƙanƙanuwa kamar yarinya. Da ɗankwalin na gane ta.

Nas ta ce min Burul eje ta sha ƙwayoyinta na wata guda, daga nan ba ta sauko karɓar wasu ba sai da ta fara aman jini. An gwada jikokin duka, ba wanda ya kamu.

Na yini da littafi na uku a hannu. Daga ƙarshe na yagi shafi daga littafin rubutuna na rubuta: Eje, ga shi ya iso. Ki faɗa min gaskiya, littafin da na ba ki ne ya sa kika tafi? Na sa a ciki, na haɗa da fensir, na roƙi nas ta kai.

Amsa ba ta zo ba sai bayan kwana goma sha ɗaya. Ba a fito da takarda daga ginin baya, don haka nas ɗin ta ɗauki hoton rubutun da wayarta ta nuna min. Rubutun a karkace yake, layukan suna gangarowa.

'Yata, kada ki ɗauki kanki da girma haka. Ina hawan dutse tun ba a haife ki ba. Na ga goɗiyoyina sun haihu, na sha nono, na zauna a rana, na ga jikokina suna gudu ko da ban ji su ba. Ban yi nadama ba, amma ke kada ki yi irin tawa, ke yarinya ce, ki shanye maganinki. Littafin ina shafi na casa'in. Marubucin ya sake sa ta tsallaka kogi da yamma. Mutumin nan ba ya jin magana.

Na karanta sau uku kafin nas ta karɓi wayarta. Ban sani ba ko gaskiya ta faɗa min ko sauƙi ta yi min, kuma har yau ban sani ba.

Tagarta tana hawa na biyu, ana hango ta daga ƙarshen shinge. Kullum bayan la'asar in je in tsaya a wurin. Wata rana a ɗaga labule in ga hannu, wata rana ba komai. Sau ɗaya ta manna littafin a jikin gilas, a buɗe, don in ga inda ta kai, amma nisan ya yi yawa, fari kawai na gani. Na ɗaga mata babban yatsa duk da haka.

Ta rasu ranar sha tara ga Disamba, da safe, lokacin muna layin ƙwaya. Nas ta bari sai da na haɗiye nawa sannan ta faɗa min. Na tambaye ta ko ta gama littafin. Ta ce ba ta sani ba, ta dai gan shi a kan gado. Kubat ya zo da rana da wasu maza biyu, suka tafi da ita At-Bashi. Na tsaya a tsakar gida cikin rigar Saltanat eje har motar ta fita, sannan na koma ɗaki don lokacin shayi ya yi kuma ana ƙirga mu.

Na ƙara wata biyu a ɗaki na shida. A ƙarshen Fabrairu gwajina ya cika, aka sallame ni da buhun ƙwayoyi da sharaɗin zuwa asibitin unguwa kowace safiya har shekara guda. Kunnena na hagu ya tafi rabi, makarantar kuma ta ɗauki wata malamar lissafi. Ƙanena ya zo ɗaukata. Muna hawa titi na ce ya sauke gilas, ya ce eje ana sanyi, za ki kamu da mura. Na ce ya sauke. Ya sauke, muka shiga gari a haka.